Mun fara zagayen masu jego a unguwarmu: yaya za mu yi da maganar ruwa da iyayen miji?

Mai ɗinki, Tudun Jukun, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiya da iyayenmu mata da ke nan.

Ni mai ɗinki ce, a gida nake aikina. 'Ya'yana uku, autan har yanzu yana goye. Ni da wasu ƙawayena da muke islamiyyar matan aure tare mun ɗan jima muna wani abu da ba mu ma sa masa suna ba: duk wadda ta haihu a layinmu, ɗayarmu za ta leƙa ta, ba don barka kaɗai ba, don ta ga yadda jariri ke kama nono.

Abin da ya jawo haka wata maƙwabciyata ce, haihuwar fari, ba ta kai shekara ashirin ba. Ba ta je wankan gida ba saboda mahaifiyarta ta rasu. Kafin suna na shiga na tarar da ita hawaye na zuba ba sauti. Nonon ya cika ya yi tauri har yana sheƙi, kan ya tsage, jaririyar kuma an ɗura mata ruwan dabino da cokali an kwantar da ita gefe. Ɗaki cike da 'yan barka, amma ba wadda ta ce "kawo ta in ga yadda kike sa ta". Ita kuma kunyar 'yar fari ta hana ta ko ɗaga riga a gaban dangin miji. Na roƙi uwar mijin ta ba mu wuri, na gasa mata da tsumma da ruwan ɗumi, muka tatse kaɗan da hannu har wajen kan ya yi laushi, sannan jaririyar ta iya kamawa. Wallahi yadda yarinyar nan ta sauke ajiyar zuciya ya tsaya mini a rai.

Yanzu muna so abin ya zama tsararre, mu riƙa haɗuwa, masu ciki da masu goyo su riƙa zuwa. Amma inda muke makalewa shi ne ruwa. A asibiti an ce nono zalla wata shida, ko ɗigon ruwa ban da. Mu mun yarda. To ga bazara ta kawo kai, kuma duk gidan da ka shiga sai uwar miji ta ce, "Ke da kike babba kina iya wuni ba ki sha ruwa ba? Ku ji tsoron Allah, kada ku ɗauki haƙƙin yaro." Matar gida ba ta iya musu da surukarta, mu kuma baƙi ne a gidan. Haka maganar dakashi: har yanzu akwai masu tatse shi su zubar, wasu ma sai sun sa kiyashi a ciki sun ga ko zai mutu kafin su yarda nonon na da kyau.

Sai wasu ƙananan abubuwa. Wata a cikinmu ta ce in nonon mai jego bai zo ba, me zai hana ɗayarmu mai goyo ta shayar da jaririn kafin nan? Kuma wani da ke tallan madarar jarirai ya ji labarinmu, ya ce zai ba mu riguna da 'yan gwangwanaye mu raba kyauta. Mu karɓa? Ba mu da ko sisi, ko kujerun zama ba mu da su.

Ungozoma mai ritaya, Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya yi muku albarka. Abin da kuka yi wa yarinyar nan shi ne aikin, taro da tsari duk bayansa suke biyowa. Na yi shekaru a ɗakin haihuwa, kuma matan da na ga sun daina shayarwa da wuri, yawancinsu a makon farko abin ya lalace musu. An sallame su daga asibiti, ba su komo ba sai ranar rigakafi, tsakanin nan kuwa kan nono ya tsage, yaro na kuka, an ce nononta ba ya isa, an kawo ruwa da madara. Saboda haka kada taron wata-wata ya shagaltar da ku. Wadda ta haihu jiya ba za ta zo taro ba, ku ne za ku je mata, cikin kwana biyu ko uku na farko, ku sake komawa kafin suna.

In kun shiga, ku zauna ku kalli shayarwa guda daga farko har ƙarshe. Cikin yaro ya manne da cikin uwa, kada ya zama yana kwance rigingine ya murɗo wuya. Kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su daidaita. Ta goga kan nonon a leɓensa na sama, ta jira ya wangale baki sosai, sannan ta jawo shi zuwa gare ta, ba ita ta sunkuya ta kai masa ba. In ya kama daidai za ki ga haɓarsa ta nutse a nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta sama. Za ki ji ƙarar haɗiya. In kan kaɗai yake tsotsa, kumatunsa na lotsawa, uwa na cije leɓe, to ta sa ɗan yatsanta mai tsabta a gefen bakinsa ta cire shi a sake. Tsagewar kan nono kusan kullum daga nan take.

Dakashi kuwa kada a zubar ko ɗigo. Kaɗan yake zuwa saboda a ranar farko cikin jariri bai ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya a lokaci guda. Shi ne garkuwarsa ta farko daga cututtuka, shi ke taimaka masa fitar da baƙin kashin nan. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Farin nono mai yawa sai kwana na uku ko na huɗu. Nono kamar rijiya yake, in ana ja yana kawowa. Jariri sabon haihuwa yana sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana, wannan ba alamar rashin ƙoshi ba ce.

Yanzu ruwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa a kowace shayarwa ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi. In zafi ya yi, yaro zai riƙa neman nono a kai a kai, a ba shi. In an ba shi ruwa, ya cika ɗan cikin da abin da ba ya gina jiki, ya rage tsotso, nono ya ragu, ga kuma gudawa in ruwan ko cokalin ba su da tsabta. Binciken lafiya na ƙasa na 2013 ya nuna kashi 17 cikin 100 na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla, na 2018 ya nuna 29. Mu nan ba ƙin shayarwa muke ba, kusan kowace uwa tana shayarwa. Ruwan nan ne ke kayar da mu.

Amma kada ki kai wa tsohuwa lissafi. Ni abin da nake cewa shi ne, "Inna, gaskiyarki, zafi ya yi. Wannan kofin ki miƙa wa uwar ta shanye, ta nono zai isa wurin jikanki." Sannan in ce mu duba fitsari tare. Daga kwana na biyar, in yaro yana jiƙa tsumma ko famfas sau shida ko fiye a dare da rana, fitsarin fari-fari ba ja ba, to ba ya jin ƙishi. Abin da idonta ya gani ya fi abin da bakina ya faɗa.

Ku san iyakarku kuma. Ku ba likitoci ba ne, kada ku rubuta wa kowa magani. Jaririn da ya ƙi kama nono sam, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri ƙirji na lotsawa, ko yana jijjiga, ko shawara ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko cibiya ta yi ja tana wari, asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Uwa mai zazzaɓi da jan kumburi a nono ta ci gaba da shayarwa amma ta ga likita. Uwar da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, wannan zuciya ce, kada a tsaya. A garinku ma, tun shekarun 1970 likitoci suka yi rubutu kan ciwon zuciyar masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa a kunu da tsananin zafin wanka da gashi. Ku riƙa lallaɓa iyaye a rage kanwar.

Ki je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ki gabatar da kanku ga mai kula da awo. Ku karɓi lambarta, ita ma ta karɓi taku.

Kaka, Funtuwa

Jikata ce ke karanta mini, ita ke rubuta abin da na faɗa.

'Yar nan, ina so ki ji ta bakinmu mu ma. Na haifi tara, na binne uku suna goye. In kin ga tsohuwa ta ɗauko ruwa ko dauri ta nufi jariri, ba mugunta ba ce, tsoro ne. Mun ga yaro ya bushe a hannunmu, maɗiga ta faɗa, ba asibiti kusa. Abin da iyayenmu suka nuna mana shi muke yi.

Abin da ke ɓata mana rai shi ne yarinya ta shigo gida, ta gaishe mu a tsaitsaye, ta wuce ɗakin mai jego su rufe ƙofa suna ƙus-ƙus. Tana fita sai surukarki ta ce miki an hana. Wa ya hana? A gidana? To ko gaskiya ce a bakinku, kun riga kun ɓata ta. Ku fara shiga ɗakin tsohuwa, ku durƙusa ku gaishe ta, ku tambaye ta yadda ta yi nata jegon, ku ce kun zo ta taya ku. Ku sa tsofaffi biyu ko uku a cikin tafiyar taku, waɗanda ake jin maganarsu, da unguwarzomar da ke wankan jarirai a unguwar. Ita ce fa ke riƙe da yaron safe da yamma har a yi arba'in.

Maganar dakashi na sauka daga kanta tuntuni, don na ga jikokina da aka ba su, lafiyarsu ƙalau. Na ruwa kuwa, in faɗa miki gaskiya, har yau in rana ta take raina ba ya so. Amma autan jikokina uwarsa ta roƙe ni da ladabi, ta ce in ba ta wata shidan nan. Na ba ta. Ni ke dama mata kunun gyaɗa, ni ke cika mata buta da ruwan randa in ajiye kusa da ita. Yaron ga shi nan ɓul-ɓul. In kun hana mu ba jariri, to ku ba mu aikin ciyar da uwar, kada ku bar mu zaune hannu rabbana.

Malamin islamiyya, Katsina

Malama, Allah Ya saka da alheri. Zan tsaya kan tambayarki ta shayar da ɗan wata, don ba ƙaramar magana ba ce.

Halal ne, Annabi (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Amma shayarwa tana haramta abin da nasaba ke haramtawa. Wadda ta shayar ta zama uwarsa, mijinta ya zama ubansa, 'ya'yanta duka sun zama 'yan uwansa, ba wanda suka sha tare kaɗai ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko makwarwa ɗaya ce ta isa cikinsa a cikin shekarun shayarwa, hukuncin ya tabbata. Shafi'iyya kuwa suna sharɗanta sau biyar. Kuma da cokali ko kofi aka ba shi nonon da aka tatsa, hukuncin ɗaya ne. Unguwa ɗaya kuke, yaran nan tare za su tashi, wata rana wani zai ce yana son wata. Don haka in larura ta sa, a yi da sanin mazajen biyu, a sanar da dangi, a rubuta a littafi: wace ta shayar da wane. Ta fuskar lafiya kuma ku tambayi su Hajiya ungozoma, don akwai cututtukan da ke bi ta nono.

Ga abin da za ku riƙa tuna wa mazaje. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ita ce dai ta ɗora wa uban yaro ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. Da yawanmu rabin farko muke karantawa. A sayi ragon suna da kuɗi masu yawa, bayan suna mai jego ta koma tuwo da miyar da ba nama ba kifi.

Masu kafa hujja da dabino: sunnar ita ce a tauna ɗan kaɗan a goga a dasashin jariri, sau ɗaya. Ba a ce a jiƙa a riƙa ɗura masa da cokali kwana da kwanaki ba. Ku samu limamin unguwarku ku yi masa bayani, in ya faɗa bayan sallar asuba ranar suna, ya isar muku inda ƙafarku ba ta zuwa.

'Yar Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari Yaya. Mu nan Nijar irin wannan ƙungiya ta daɗe a garuruwa, tare da likitar gari ake yi. Ni ina cikin ta unguwarmu. Ba mu wuce goma sha biyar a zama, don in an yi yawa masu kunya ba sa magana. Tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gidan ɗayarmu bayan la'asar, kujera ba dole ba ce. Ba wa'azi ake yi ba. Mai jagora tana tambaya, "Wa ke da damuwa wannan mako?" Wata ta faɗa, wadda ta taɓa shiga irinta ta ba ta amsa.

Kuɗi kuwa, ku yi asusu. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jiharmu ya fara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kowa na zuba ɗan abin da ta iya duk mako. Mu mun ware wani kaso na kuɗin mota in mai jego ko jariri na bukatar likita da dare. Wannan ya fi riguna amfani.

Kada ku tsaya kan wata shida kawai. Bayan nan ne yara da yawa ke faɗawa tamowa, saboda ana ba su tsinkakken kunu zalla. Muna dafawa tare su gani: kunun gero mai kauri da garin ƙuli-ƙuli ko wake, ɗan mai, garin zogale, ƙwai in an samu, ana kuma ci gaba da nono har shekara biyu. Zuma ban da ita sai yaro ya cika shekara. Mazaje kuma, a Damagaram aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, maza na zama su tattauna lafiyar iyalinsu. In kun samu biyu ko uku cikin mazajenku da za su yi magana a majalisa, aikinku ya ragu.

Malamar firamare, Kaduna

Gwangwanayen nan kada ku karɓa, Anti. Tun 1981 akwai ƙa'idar duniya kan tallan madarar jarirai, ta hana raba samfuri kyauta ga iyaye mata, kuma a Najeriya hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kai. Dalili a fili yake. An ba uwa gwangwani ɗaya kyauta, kafin ya ƙare nononta ya ja baya, na biyu sai ta saya. In kuɗi ya gaza ta fara tsinka madarar da ruwa don ta kai ƙarshen wata. Akwai jariran da madara ta zama musu dole, kamar wanda uwarsa ta rasu ba mai shayarwa, amma wannan ma'aikatan lafiya ne za su tsara, ba mai talla ba.

Ku tuna da masu fita aiki da 'yan makaranta. Ni na ci gajiyar hutun haihuwa na wata shida da jihar Kaduna ke ba ma'aikatanta mata, amma ƙanwata da ke aiki a wani shago mako kaɗan aka ba ta. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba da mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, mata da yawa ba su ma sani ba. Ku koya musu tatsa da hannu a kofi mai murfi da aka wanke da tafasasshen ruwa. A ɗaki yana kai awa huɗu, a ajiye shi inda ya fi sanyi, a firji kuma kwana huɗu in wuta ba ta yanke ba. A ba yaro da ƙaramin kofi, ba bulumboti ba, don wanke shi da wuya.

Rashin kuɗi kada ya karya muku gwiwa. Ƙungiyar taimakon masu shayarwa ta La Leche League da ta bazu a duniya, mata bakwai ne suka fara ta a 1956 a Amurka, a cikin gida suke haɗuwa.

Mai ɗinki, Tudun Jukun, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa ƙawayena duka a islamiyya. Hajiya Kaka, maganarki ta fi shigarmu. Mun je mun gaida unguwarzomar layinmu, muka ce mun zo ta shige mana gaba. Ta yi shiru, sannan ta ce tun da take wankan jarirai ba wanda ya taɓa zuwa neman shawararta kan wannan. Ta yarda, da sharaɗin ba za a hana wankan jego ba. Muka ce ba hanawa za a yi ba, zafin ruwan da kanwar za a sassauta. Mai madara mun ba shi haƙuri. Mun sayi littafi mai bango, gaba na sunayen masu ciki da watan haihuwarsu, baya na abin da Malam ya ce. Zubin asusu za mu fara ranar Juma'a.

Saura tambaya ɗaya, Hajiya ungozoma. Akwai wadda ɗanta ke wata tara, ta gano tana da ciki. Gidan sun ce kwanika ce, nonon ya zama guba, gobe-gobe za a kai shi wurin kakarsa a yaye shi. Ita ba ta so, tana ta kuka. Me za mu ce musu?

Ungozoma mai ritaya, Kano

Nonon mai ciki ba guba ba ne, 'yata. Yana iya raguwa, ɗanɗanonsa na iya sauyawa, kan nono na iya yi mata zafi, amma ba ya sa yaro ciwo. Abin da ke kayar da ɗan kwanika shi ne yayen dare ɗaya: an raba shi da nono da uwa a lokaci guda, ya ƙi cin abinci, gudawa ta shigo, sai a ce ai nonon ne. Ta ci gaba da ba shi, ta ƙara cin abinci ita kanta, a ƙara masa kunu mai kauri da abin da ake ci a gida sau uku ko huɗu a rana. Ta fara awo da wuri ta gaya musu tana shayarwa. In tana zubar jini, ko ciwon mara, ko ta taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, to likita ne zai yanke. Ku tafi gidan yau tare da unguwarzomar, ku fara da ɗakin uwar mijin, a samu mijin ma ya zauna a yi maganar da shi.